Jenne: Tarihin Birnin Tsibiri da Bai Taɓa Zama Fadar Daula Ba

1. Gabatarwa

Idan ana koyar da tarihin Sudan ta Yamma, an saba bin dauloli ɗaya bayan ɗaya: Gana, Mali, Songai, sannan daulolin jihadi na ƙarni na 19. Wannan tsari yana sauƙaƙa wa ɗalibin shekarar farko, amma yana da illa. Duk garin da bai zama mazaunin babban sarki ba, ba a ambatonsa sai ranar da aka ci shi da yaƙi, daga nan labari ya bi mayaƙa ya bar shi a baya. Jenne, wadda ke cikin ƙasar Mali ta yau, tana daga cikin garuruwan da wannan tsari ya tauye. Ta zauna ƙarƙashin Askiyoyin Gawo, da bashoshin Tumbutu, da Bambarawan Segu, da Fulanin Hamdallahi, da zuriyar Alhaji Umaru Futi, da Faransawa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya mai da ita fadarsa. Hamdallahi yau kufai ce. Jenne kuwa tana nan inda take, kasuwarta tana ci kowace Litinin.

Amsar da aka fi bayarwa game da wannan daɗewa ita ce ruwa: wai gari ne na tsibiri, doki ba ya kai gare shi. A cikin wannan maƙala za mu gwada nuna cewa ruwan ya yi wa Jenne aikin hanya fiye da yadda ya yi mata aikin ganuwa, kuma abin da ya rage mata daraja a ƙarshe sauyin hanya ne.

2. Wurin da garin yake

Jenne tana bakin kudu na babbar fadamar da Kogin Kwara da Kogin Bani suke malalewa a tsakiyar Mali, a yankin da mutanen wurin ke kira Pondo. Ba a kan gaɓar Bani take ba, akwai ƴan kilomitoci tsakaninsu, amma rassan kogin sun kewaye tudun da aka gina ta. Ruwan da ya sauka a tsaunukan kudu da damina yana isowa a makare. Daga Agusta yake fara cika rassan, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Oktoba, sai garin ya koma gungu, a da ba shiga ba fita sai da jirgi. Da bazara kuwa ana iya isa da ƙafa ta wurare da dama. Ke nan tsibiri ne na rabin shekara, kuma ya kamata a riƙe wannan batu, don kusan duk yaƙoƙin da aka yi a kan garin lokacin ruwa ne ya yanke hukuncinsu.

Wannan ambaliya ita ce dukiyar ƙasar. Bozo suna kama kifi, Marka suna noman shinkafa a laka, Fulani suna shigo da shanu cin burgu idan ruwa ya janye. Akwai kuma wani abin lura ga mu da ke zaune cikin masu jin Zabarmanci: harshen cikin garin, Jenne Ciini, reshe ne na Songai mai kusanci da na Tumbutu, alhali ƙauyukan da ke kewaye Bozanci da Fulatanci da Bambaranci suke yi. Robert Nicolaï ya sa shi cikin rukunin yamma a nazarinsa na karorin Songai na 1981. Harshen gari ya fi kama da na abokin cinikinsa mai nisan ɗaruruwan kilomitoci bisa na maƙwabcinsa na ƙofar gida. Wannan kaɗai shaida ce a kan inda zuciyar garin ta fuskanta.

3. Jenne-jeno

Kilomita uku kudu maso gabas da garin akwai wani tudun kufai da ake kira Jenne-jeno, wato tsohuwar Jenne (kalmar ƴar'uwar «zeeno» ce ta Zabarmanci). Susan da Roderick McIntosh sun haƙa shi a 1977 da 1981, kuma abin da suka samu ya sauya yadda ake kallon asalin birane a wannan yanki. An fara zama a wurin wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa. Mazaunan farko sun san ƙira, alhali babu tama a fadamar, wato tun farko sai da suka sayo ta daga nesa. Sun noma shinkafar Afirka. Wajen shekara ta 800 zuwa 900 garin ya kai faɗin eka 33 na awon Faransa, da ganuwa mai tsawon kusan kilomita biyu, kuma a kewayensa akwai tuddai masu yawa da aka zauna a lokaci guda.

Kafin wannan bincike, ra'ayin da ya fi rinjaye a rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka shi ne fataucin Larabawa ta Sahara ne ya haifar da birane a ƙasar baƙar fata. Jenne-jeno ta girma ɗaruruwan shekaru kafin wannan fatauci ya kankama. Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi dacewa da tambayarmu, shi ne masu haƙar ba su ci karo da fada ko wani babban gini na sarauta ba. Roderick McIntosh ya fassara wannan da cewa gari ne na ƙungiyoyin sana'a da ke zaune kusa da juna ba tare da wani ya hau kan sauran ba. Ana iya yi wa fassarar gardama, don ɗan ɓangare ne na tudun aka tona, amma ta dace da halin da za mu gani daga baya.

An fara zama a wurin da Jenne take yau bayan shekara ta 1000, tsohon garin kuma ya riƙa raguwa har ya zama kufai wajen 1400. Ruwayar baka ta ce ganuwar sabon garin ta yi ta rushewa har sai da aka binne wata budurwa ƴar Bozo, Tapama, da ranta a cikin ginin. Har yanzu ana nuna kabarinta. Ko ba a ɗauki labarin a zahirinsa ba, yana faɗin abu guda a sarari: baƙin da suka zo ciniki sun san masu ruwa ne masu wurin.

4. Gishiri, zinariya da malamai

Babban madogararmu a kan ƙarnukan da suka biyo baya shi ne Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di. Mutumin Tumbutu ne, amma ya yi limanci a Jenne tun daga 1627, ya kuma kai labarinsa zuwa wajen 1655. Ya san garin, yana kuma ƙaunarsa, saboda haka sai an tace alƙalumansa. A cewarsa, sarkin Jenne mai suna Kunburu ya musulunta a ƙarshen ƙarni na 6 na Hijira, wato wajen 1200, a gaban malamai 4,200, ya rushe fadarsa ya mai da ita masallaci. Ya ce ƙasar tana da ƙauyuka 7,077, kusa da juna har ana iya isar da saƙon sarki zuwa tafkin Debo ta hanyar kira daga gari zuwa gari. Ba wanda zai ɗauki waɗannan a matsayin ƙidaya. Abin da ya fi su amfani shi ne addu'o'i uku da ya ce sarkin ya nemi malamai su yi wa garin: wanda talauci ya koro daga ƙasarsa ya sami wadata a nan, baƙi su fi ƴan gari yawa, kuma fataken da suka kawo kaya su rasa haƙuri su sayar da araha. Babu roƙon nasara a kan maƙiyi a ciki. Ko sarkin ya faɗi haka ko bai faɗa ba, haka attajiran Jenne na ƙarni na 17 suka so a tuna da asalinsu.

Yadda cinikin yake tafiya a bayyane yake. Gishirin Tagaza, daga baya na Taudeni, yana isowa Tumbutu a bayan raƙuma, a loda shi cikin jirage a tashar Kabara, ya hauro kogi zuwa Jenne. A nan ake sauke shi, a farfasa, jakuna da ƴan dako su ɗauka zuwa kudu. Daga kudu kuma, ta hannun Wangarawa, zinariyar Bitu (wadda yawancin masu nazari suke ɗauka ita ce Bego, a arewa maso yammacin Gana ta yau) da goro da bayi suke isowa. Jiragen da ke gangarawa suna ɗauke da shinkafa, gero, busasshen kifi, man kaɗe da auduga, don Tumbutu ba ta iya ciyar da kanta. Al-Sa'di, ɗan Tumbutu, da kansa ya yarda cewa saboda Jenne ne ayari ke zuwa garinsu. Jenne ita ce iyakar inda babban jirgi ke kaiwa kafin kaya su koma bayan dabba, kuma duk inda ake sauke kaya a sake ɗaurewa, nan dillali da fatoma da mai awo suke cin abinci.

Wani abin mamaki shi ne Ibn Battuta, wanda ya zagaya Mali a 1352 zuwa 1353, bai ambaci Jenne ba, haka ma al-Umari da Ibn Khaldun. Sunan ya fara bayyana a rubutun Turawa cikin wasiƙar da Antonio Malfante, ɗan kasuwar Jenowa, ya aika daga Tuwat a 1447. Wannan shiru yana iya nufin cewa bunƙasar garin ta zo ne tare da buɗe hanyar zinariyar ƙasar Akan a ƙarshen ƙarni na 14 da cikin na 15. Lokacin kuwa ya yi daidai da abin da Tarihin Kano ya kawo: zuwan Wangarawa daga Malle a zamanin Yaji, sannan a zamanin Yakubu, tsakiyar ƙarni na 15, zuwan Fulani da littattafai da fara zirga-zirgar fataken Gwanja. Tarihin Kano Malle ya ce, bai ce Jenne ba, kuma bai kamata mu sa masa magana a baki ba. Amma jama'a ɗaya ce ta ƴan kasuwa malamai, wadda reshenta na yamma ya riƙe hanyar Jenne zuwa Bego, na gabas kuma ya shige cikin Hausawa ya zama tushen fataucin goro na Gwanja, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna.

Malantar Jenne ma ta Wangarawa ce. Al-Sa'di ya ce kafin Askiya Muhammadu ya naɗa Fodi Muhammadu Sanu al-Wangari alƙali, garin ba shi da alƙali. Liman mai huɗuba ne yake sasanta mutane. Littattafan tarihin Tumbutu sun kawo labarin Mahmudu Bagayogo, wanda Askiya Isiyaku na ɗaya (1539–1549) ya tambayi jama'a a masallacin Jenne wane ne azzalumin da ya fi damunsu, shi kuwa ya amsa masa cewa shi Askiyan ne. Daga baya Askiya ya sa aka naɗa shi alƙali ba da son ransa ba, kuma bai daɗe ba ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bagayogo, haifaffen Jenne a 1523, shi ne babban malamin Ahmad Baba. Sunan Tumbutu ne ya tafi duniya, amma wani ɓangare mai kyau na iliminta daga Jenne ya gangaro, tare da shinkafar.

5. Shin ruwan ya kare ta?

Al-Sa'di ya ce Mali ta kai wa Jenne hari sau 99 ba ta ci nasara ba. Wasu masana suna ganin garin ya biya Mali haraji na wani lokaci, kuma wannan ya fi kusa da hankali. Game da Sonni Ali kuwa babu gardama: ya ci garin wajen 1473, bayan ya karɓi Tumbutu a 1468. Kewayen shekara bakwai da wata bakwai da kwana bakwai da aka ruwaito adon magana ne. Abin lura shi ne Sonni Ali sarkin kogi ne, yana da jiragen Sorko, saboda haka ambaliyar da ke tsai da dawaki shi hanya ta buɗe masa. Ya toshe mashigai har yunwa ta kama garin. Da suka miƙa wuya bai washe su ba. Ya bar sarkin Jenne a kan kujerarsa, ya auri mahaifiyarsa, aka ci gaba da ciniki.

Bayan yaƙin Tondibi na 1591, manyan Jenne ba su jira an zo musu da bindiga ba, suka yi mubaya'a ga Marokawa. A 1599 Mansa Mahmudu na Mali ya yi yunƙurinsa na ƙarshe na karɓe garin, aka aiko da ƴan bindiga daga Tumbutu cikin jirage suka fatattake shi. A nan ma wanda ya riƙe kogi shi ya riƙe garin. A ƙarni na 18, da ƙarfin Arma, jikokin Marokawa, ya ragu, Jenne ta karkata ga Segu. Mungo Park, wanda ya juya daga Silla a 1796 bai kai gare ta ba, ya ji cewa da suna kawai take ƙarƙashin sarkin Bambara, harkar gari kuwa tana hannun Musulmi ƴan kasuwa.

Ga alama dabarar ita ce a bi duk wanda ya fi ƙarfi, a biya shi, a riƙe kasuwa da masallaci. Ruwan ya hana ƴan hari da ƙananan sarakuna, ya kuma sa kewaye garin ya yi tsada, har mai neman cin sa ya gwammace a daidaita.

6. Seku Amadu

Wanda ya karya wannan tsari ba baƙo ba ne. Amadu Lobbo malamin karkara ne, Bafillace, ya zauna a Runde Siru kusa da Jenne, kuma ya ɗanɗani wulaƙancin malaman birni da na Arma. A cikin littafinsa al-Idtirar ya jera bidi'o'in da ya ga ana yi a masallatan garin. Ya ɗauki jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo abin koyi, ko da yake daga baya dangantaka da Sakkwato ta yi tsami a kan wanda ya cancanci laƙabin Amirul Muminina. Bayan nasararsa a Nukuma a 1818 Jenne ta miƙa wuya kamar yadda ta saba, sannan ta yi tawaye, aka kewaye ta watanni har ta sake sallamawa. Seku Amadu bai zauna cikinta ba. Ya gina sabon gari, Hamdallahi, a gabashin Bani.

René Caillié ya shiga Jenne a watan Maris na 1828. Ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 8,000 da 10,000, ya ga kasuwa cike da kaya har da na Turai, ya ga tsohon masallaci ya zama gidan tsattsewa, mutane na salla a wani fili na waje. Ya kuma ji kukan ƴan kasuwa cewa yaƙin Seku Amadu da Segu ya yanke hanyar zinariyar Bure, fatake sun koma Sansanding da Nyamina. Seku Amadu ya rufe masallatan unguwanni, ya bar babban masallacin ya zube, ya gina nasa marar ado a 1834. Wannan ne karo na farko da mai mulki ya taɓa abubuwa biyun da Jenne ta saba riƙewa.

A nan akwai wata mahaɗa da tarihin ƙasarmu. Ruwayoyin Sayi suna danganta asalin Alfa Mahaman Jobbo da yankin Jenne da Masina, suna kuma lissafa zangon da ya yi yana gangarowa kogi, har da gungun Neni da ke nan gaban Gudel da Yantala, kafin ya kafa Sayi wajen 1825. Sayi ta zama mashigin fataken Hausa da garin malamai ƙarƙashin Gwandu, Barth ya ƙetare kogi a can a 1853, sunanta ya shiga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890, sannan Yamai ta shanye ta. Kwatanta Sayi da Jenne aiki ne da ya dace da ɗalibin da ke neman batun digiri na uku, don makomarsu iri ɗaya ce.

7. Mopti da masallacin 1907

Alhaji Umaru ya ci Hamdallahi a 1862, Jenne ta koma hannun mutanensa, har Kanar Archinard ya karɓe ta da igwa a watan Afrilu na 1893, tsakiyar bazara, lokacin da babu ruwan da zai tsai da kowa. Amma igwa ba ta yi mata ɓarnar da reluwe ya yi ba. A 1904 layin dogo daga Kayes ya isa Kulikoro, jiragen ruwa masu hayaƙi suka fara bin babban kogi daga can zuwa Kabara da Gawo. Rassan da ke kaiwa Jenne ba su da zurfin ɗaukarsu. Kamfanonin Faransa suka zauna a Mopti, mahaɗar Bani da Kwara, wadda ita ma a kan tsibirai aka cike ta da ƙasa. Attajiran Jenne da maginanta da yawa suka bi su can. Gishirin teku da kayan Turai suka shigo ta yamma, zinariyar kudu kuwa tun kafuwar Elmina a 1482 ta fara karkata bakin teku. Daga baya babbar hanyar mota ta wuce ta gabashin Bani, mai zuwa Jenne sai ya ratse ya jira jirgin fito.

A daidai wannan lokaci ne, 1906 zuwa 1907, aka sake gina babban masallaci a kan kufan na da, da aikin tilas, ƙarƙashin sarkin magina Isma'ila Traore, aka kuma gina makaranta a wurin masallacin Seku Amadu. Ana gardama a kan ko ginin na Jenne ne ko na Faransa. Labelle Prussin ta ga hannun injiniyoyin mulkin mallaka a daidaiton hasumiyoyi uku na gabas. Jean-Louis Bourgeois, a maƙalarsa ta 1987, ya ce aikin ƙungiyar magina ne ta garin. Mun fi karkata ga na biyu game da fasahar ginin, amma siyasar da ke bayansa a fili take: tsofaffin gidajen Jenne suna son share tabon Hamdallahi, Faransawa kuma suna son a gan su masu gyara abin da masu jihadi suka rusa. Kowa ya sami abin da yake so.

8. Bayan janyewar ruwa

Farin 1972–1973 da na 1983–1984 ya rage ambaliyar ƙwarai; mutanen Yamai ba su manta da Yunin 1985 ba, lokacin da kogi ya daina gudu a ƙarƙashin gadar Kennedy. A Pondo shinkafa ta ƙi, kifi ya ragu, gidaje da yawa suka zama kango, manoma kuma suka shiga tonon tuddan kufai suna sayar da gumakan yumɓu ga dillalan Turai, har Amurka ta hana shigo da irin waɗannan kaya daga Mali a 1993. An gina madatsar Talo a kan Bani, sama da Jenne, a tsakiyar shekarun 2000, duk da adawar mutanen garin. Mu da aka aza wa harsashin Kandaji a 2008 muna da dalilin bin wannan labari da kyau.

Hukumar UNESCO ta sa Jenne da kufanta cikin kayan tarihin duniya a 1988. Baƙi masu yawon buɗe ido sun zama sabon ayari, amma da sharaɗi: mai gida ba shi da ikon sauya fasalin gidansa ko ya sa siminti, ko da ɗakin ya yi masa ƙunci. A watan Satumba na 2006 tarzoma ta tashi da aka ga ma'aikatan gidauniyar Aga Khan a kan rufin masallaci ba tare da an sanar da jama'a ba, ko da yake daga baya an yi gyaran. Rikicin da ya ɓarke a Mali a 2012, ya kuma bazu zuwa tsakiyar ƙasar daga 2015, ya kori baƙin, kuma a 2016 aka sa garin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Yaɓen masallaci na shekara-shekara, wanda unguwanni ke tsere a kansa, ya dogara ne ga laka mai laushi da ambaliya ke bari a rassan kogi da ƙaiƙayin shinkafa da ake cuɗa ta da shi, kuma dukansu biyu suna ƙaranci a shekarar da Bani bai cika ba.